Minti Huɗun Ƙarshe

Ranar Juma'a da ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar na yamma aka yanke ni. Ina tsaye a kicin ɗin Mama ina ɗauraye kofuna, rediyo na kan firji, muryata na fita daga cikinta. Na ji kaina na ce, "To, waɗannan su ne matsalolin fim ɗin. Amma fa, jama'a..." Sai kiɗan tallar sabulun wanki ya shigo.

Na tsaya da kofi a hannu ina jiran muryata ta dawo. Talla ta ƙare, wata ta biyo, wata ta sake biyowa. Daga nan aka shiga labaran wasanni.

Mama na zaune a kujerarta ta bakin ƙofa, ta ajiye tabarau a cinya.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Ba shi ke nan ba ne, Mama. Akwai saura."

"Ina sauran?"

Na goge hannu a zani na ɗauki waya.

Shekara goma sha tara ina da shiri a gidan rediyo. Kowace Juma'a nakan ɗauki fim ɗaya da ke silima, in faɗi inda ya yi kyau da inda ya yi tuntuɓe. Mutane sun yarda da ni saboda ba na sayuwa kuma ba na jin kunyar kowa. In na ce a je, ana zuwa. In na ce a zauna a gida, ana zama. Fim ɗin wannan makon kuwa na ƙanena ne, autan gidanmu, wanda har ya fara furfura a gemu ba mu daina kiransa Auta ba. Shekara huɗu ya yi yana haɗa shi. Fim ne na 'yan sama jannati uku da aka tura cikin kumbo zuwa wata duniya mai nisa. Da ƙyar manajan silima ya ba shi ƙaramin zaure na mako ɗaya, da sharaɗi: in kujeru sun cika Asabar da Lahadi, a ƙara masa mako, sauran silimu ma su karɓa. In ba su cika ba, a sauke shi ranar Litinin.

Na kira Auta sau uku. Ta yi ta ringi har ta katse. A na huɗu aka ce wayar a kashe take.

Na ɗauki makullin mota.

A gidan rediyo na tarar da mai tace mana shirye-shirye a ɗakinsa mai sanyin tsiya, ya ɗora ƙafa a kan tebur yana cin gyaɗa. Almakashi muke ce masa, kuma sunan bai taɓa ɓata masa rai ba.

"Ranki ya daɗe," ya ce. "Yau kin yi wa wani aski babu ruwa. Wayoyi sai shigowa suke."

"Ina minti huɗuna?"

"Wane minti huɗu?"

"Minti goma sha huɗu na ɗauka. Goma suka fita."

"Masu sabulu sun ƙaro talla jiya da yamma. Aka ce in samo musu wuri, na samo." Ya watsa gyaɗa a baki. "Daga ƙasa na yanke, kamar kullum."

"Ka saurari abin da ka yanke?"

"Ni da nake da shiri tara a gabana? Na ga inda kika ja numfashi, na sa wuƙa."

"Fim ɗin ƙanena ne."

Ya sauke ƙafarsa daga tebur. Ya dube ni, ya dubi kwamfuta, ya sake dubana.

"Mai fim ɗin shayin nan? Ƙanenki ne? Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Duk yabon yana cikin abin da ka zubar."

"To ke ma, uwar ɗakina, me ya kai yabo ƙasa? Ranar da na fara aiki a gidan nan, wa ya zaunar da ni a wannan kujerar ya ce in lokaci ya gaza daga ƙasa ake yanka, don haka abin da ba ka so ya ɓata ka sa shi a sama? Ba ke ba ce? Har a bango kika sa na rubuta."

Yana nan a bangon kuwa, da jan biro, takardar ta yi ruwan ƙasa don tsufa.

Na haura wurin shugaban shirye-shirye. Ya saurare ni yana kallon agogo. Asabar da Lahadi duk an sayar, in ji shi, ƙwallo ne da shirye-shiryen masu ɗaukar nauyi, ko minti ɗaya ba zai iya zaro mini ba. In ina so, Juma'a mai zuwa in fara da gyara.

"Juma'a mai zuwa babu fim ɗin," na ce.

"To Allah Ya sa alheri," ya ce, ya ɗaga wayar da ke ƙara.

Bari in faɗi abin da jama'a suka ji a minti goman nan, don babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai.

Na ce minti arba'in na farko tafiyar hawainiya suke yi. Na ce kyaftin ɗin kumbon ba ya iya danna maɓalli sai ya yi wa abokan tafiyarsa lacca a kan aikin maɓallin, alhali tare aka horar da su. Na ce tagogin kumbon ƙofofin injin wanki ne, wanda ba laifi ba ne, amma a ɗaya daga ciki an manta ba a ɓamɓare takardar da ke cewa kada a cika kaya da yawa ba. Na ce akwai wurin da dutse ya bugi kumbon aka nuna daga waje da ƙara kamar an kifar da tirela, alhali a sararin samaniya babu iskar da za ta ɗauki sauti. Sannan na zo kan shayin. An ɓata minti biyu ana nuna mana biro da safar hannu suna shawagi don mu san babu nauyi a can, sai ga kyaftin ya ɗauko buta ya tsiyaya shayi a kofi, ya sauka ɓul-ɓul-ɓul kamar a teburin mai shayi na bakin titi. Na ce, "Da alama shayin nan shi kaɗai ne ya taho da nauyinsa daga gida." Na tuna har Almakashi ya yi dariya ta bayan gilashi lokacin da nake ɗauka, kafin a kira shi ya fita, ni kuma na ji daɗin dariyar.

Ga abin da ba su ji ba.

Bayan dutsen ya bugi kumbon, iskar shaƙa ta fara zurarewa ta wata 'yar kafa da ba a san inda take ba. Na'urori duk sun mutu. Kyaftin, sau ɗaya a rayuwarsa, ya rasa abin cewa. Sai injiniyar kumbon, wata mace mai ƙarancin magana, ta ce kowa ya riƙe numfashi. Ta ɗauko sukundireba, ta kafa bakinsa a jikin bango, ta ɗora kunnenta a ƙotar, ta saurara. Ta matsa taku ɗaya ta sake kafawa. Ta sake matsawa. Minti uku cur babu kiɗa, babu magana, sai fuskarta da gumin da ke taruwa a goshinta, da wani ɗan siririn fito da ke ƙaruwa a hankali har sai ka ji shi a haƙoranka. Na ce a shekara goma sha tara ban ga minti uku da suka fi waɗannan ba, daga fim ɗin gida har na waje. Na ce daga nan har ƙarshe fim ɗin bai sake sakin wuyana ba. Na ce 'yar wasan nan, wadda malamar makaranta ce ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba, a riƙe fuskarta da kyau. Na rufe da cewa, "Ku yafe masa shayin. Ku je ku gani, kuma ku je a makon nan."

Abin da ban faɗa ba ko a cikin minti huɗun shi ne, babanmu bakanike ne. Haka yake gano ciwon inji. Ya kafa sukundireba, ya ɗora kunne, ya lumshe ido, mu kuma yara an hana mu ko tari. Ranar Laraba da aka nuna wa 'yan jarida fim ɗin, da aka zo wurin nan sai da na fita banɗaki na wanke fuska.

Almakashi ya turo mini guntun da ya yanke, da ban haƙuri da hoton hannuwa biyu a haɗe. Kafin magariba na ɗora shi a shafina na intanet. Zuwa safiyar Asabar mutum ɗari biyu da 'yan kai suka saurara. Maganar shayin kuwa wani ya riga ya gutsuro ta, ya haɗa da hoton kyaftin da butarsa, ta zaga wayoyi dubbai. A ƙarƙashin nawa wata ta rubuta, "An gano ƙanenta ne, shi ya sa aka dawo ana faci." Mutum sittin suka danna mata alamar so.

Na je nunin ƙarfe biyu na ranar Asabar. Na sayi tikiti kamar kowa, na zauna a layin ƙarshe. Zauren na cin mutum ɗari da ashirin. Na ƙirga kawuna sau biyu, ashirin da uku. Rabinsu samari ne da suka zo a ƙungiya, kuma na san abin da ya kawo su. Da kyaftin ya miƙa hannu zai ɗauki buta suka fara tafi. Ɗaya ya ce, "A sa masa madara," zauren ya ɗauki dariya. Wani ya maimaita maganata kalma da kalma, har da yadda nake jan "gida".

Amma da injiniyar ta kafa sukundireba, shiru ya sauka. Na ga wanda ya yi maganar madara ya tsaya da gugguru a hannu bai kai baki ba. Wata mata a gabana ta dafe ƙirji. Da aka gano kafar, na ji mutum ashirin da uku sun saki numfashi tare.

Ana kunna fitila na bi samarin zuwa ƙofa.

"Yaya kuka ga fim ɗin?" na ce.

"Wallahi Anti, ba laifi," in ji mai madara. "Ƙarshen nan ya yi. Matar rediyon nan ma ta cika sharri."

"Za ku gaya wa abokanku su zo?"

"Sai dai wani satin. Gobe akwai ƙwallo."

Manajan silima yana ofishinsa a bayan wurin sayar da tikiti, ɗaki ne da fostoci suka cinye bangonsa. Ya san ni, ya miƙe ya ba ni kujera.

"Malama, da kanki? Ai kin hutar da ni. Da ma ina ta tunanin yadda zan gaya wa yaron nan."

"Shirin bai fita duka ba. Saurari wannan."

Na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, yana juya zobe a yatsa.

"Kai," ya ce. "Da wannan aka ji jiya, da yau ina ƙaro kujerun roba."

"Ka ba shi mako ɗaya. Juma'a zan buɗe shirin da shi."

"Na riga na yi wa masu wani fim na aljanu alkawarin zauren tun jiya da biyar. Ina jin shirinki na kira su." Ya buɗe hannuwa. "Shekara nawa ina bin maganarki ban taɓa yin asara ba? Ke kika koya mini in yarda da ke."

"In gobe ya cika fa?"

"In gobe ya cika, ni da kaina zan kira su in ba su haƙuri."

Daga nan na zama abin da na yi shekara goma sha tara ina yi wa dariya. Na kira ƙawayena, na kira matan unguwa, na kira 'ya'yan ƙanen Mama da rabona da su tun bikin wata. Wasu suka ce in sha Allahu. Wata ta ce, "Ba ke kika ce ba kyau ba?" Na yi bayani har muryata ta dushe. Ranar Lahadi na zo da Mama da mutum goma sha ɗaya. Da mu da sauran jama'a, nunin rana ya tashi da talatin da takwas. Na yamma, in ji mai yaga tikiti, goma sha huɗu.

Auta bai zo ko ɗaya ba. Mama ta kalli fim ɗin har ƙarshe, sai a mota, muna tsaye a danja, ta ce, "Har yadda babanku yake karkata kai Auta ya sa injiniyar ta yi."

Ranar Litinin da hantsi na bi ta gaban silima. Wani ma'aikaci na kan tsani yana ɓamɓare fostar. Fuskar injiniyar ta rabu biyu a hannunsa.

Sai ranar Talata na samu Auta. Matarsa ce ta gaya mini inda yake, bayan ta bar ni tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ni dai ban ce ki je ba."

Tsohon sito ne a bayan layin masu walda, inda ya gina kumbon. Ban taɓa zuwa ba. Sau da yawa ya gayyace ni, ina cewa ba na son in ga fim kafin ya zama fim. Na shiga na tsaya. Abin ya kai tsawon babbar mota, an yi shi da falanki da bututun roba da cikin tsoffin firji, an shafe shi da farin fenti. Daga kusa kana ganin kowace ƙusa. Auta yana ciki, zaune a kujerar kyaftin, wadda kujerar mai aski ce, yana kwance wayoyin lantarki yana naɗewa a gwiwar hannu.

"Sannu da aiki," na ce.

"Yawwa, Yaya. Kula da ƙafarki, akwai ƙusoshi."

"Me kake yi?"

"Mai sito yana son wurinsa. Da an ƙara mako, da na roƙe shi ya bari mu ɗauki na biyu. Na riga na rubuta rabi." Ya ɗaure wayar ya jefa a kwali. "'Yan gwangwan na hanya, za su kwashe shi."

Na ciro wayata. "Akwai abin da nake so ka ji."

"Na ji."

"Ba wanda aka sa a rediyo ba. Sauran."

"Na ji shi, Yaya. Sau uku. Na gode. Malamar ma na tura mata, ta yi kuka."

"Yanke shi aka yi, Auta. Talla aka ƙaro. Wallahi ban sani ba sai da na ji a rediyo."

"Na yarda."

Ya ci gaba da naɗi. Na so ya yi faɗa. Na zo da shirin a zage ni, har na tanadi inda zan yi shiru in sunkuyar da kai.

"Tambaya ɗaya ce da ni," ya ce, bai ɗago ba. "Ina sauraron shirinki tun ina sakandare. Fim ɗin da kike so, da yabo kike farawa. Kullum. Har na 'yan fashin nan na bara, wanda makirufo ke leƙowa ta sama, sai da kika yi minti biyar kina yabon kiɗansa. Me ya sa nawa kika juya?"

Na buɗe baki in ce tsautsayi ne. Na tuna daren Laraba, a'a, da yammacin Laraba ne, ina zaune da takarda, na rubuta sukundireba a layin farko. Na dube shi. Na ji muryoyin da za su ce ta yabi ɗan'uwanta. Na ja kibiya na mayar da shi ƙasa, na ɗauko shayin na kai sama, har ina jin kaina wata jaruma.

"Na ji tsoro a ce na yi son kai," na ce.

"To." Ya gyaɗa kai. "Ai kuwa ba wanda zai ce yanzu."

"An ma faɗa."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Kin ga, an yi biyu babu."

"Juma'a zan gyara. Da shi zan buɗe. Zan faɗi cewa ƙanena ne, zan faɗi komai."

"Ki ce su je ina?"

Ya miƙe, ya dafa bangon kumbon ya sauko.

"Kada ki yi, Yaya. Sunanki ne kawai zai ɓaci, ni kuma ba zai dawo mini da zaure ba. Wani cikinmu ya tsira da wani abu."

Motar 'yan gwangwan ta tsaya a waje, mutum biyu suka shigo da injin yankan ƙarfe. Babban ya zaga kumbon, ya auna ƙofar sito da ido, ya ce ba zai fita ba sai an raba shi huɗu. Auta ya ce ya sani, a ciki aka gina shi. Ya nuna musu inda ƙarafan suka haɗu, nan da nan da can, don kada su wahala.

"Matsa baya, Yaya," ya ce. "Tartsatsi zai ɓata miki mayafi."

Na matsa na jingina da bango. Na tsaya har aka gama, awa biyu da wani abu, ba wanda ya ce in tafi kuma ba wanda ya ce in zauna. Da aka ɗora kashi na ƙarshe aka ɗaure da igiya, na ce masa ga mota, in sauke shi a gida.

"Bari kawai, zan bi su in ga an sauke," ya ce. "Ki gaishe da Mama. Ki ce zan leƙo."

"Yaushe?"

"Zan leƙo."

Ya kama ƙarfen motar ya haye baya, ya zauna a kan kayan ya ba ni baya. Na tsaya a ƙofar sito har suka sha kwana wajen masu walda.